Renon ƙananan yara aikin arziki ne



Yau gardama na zo da ita. Gardamar tawa da maza ce: masu gida, masu gari, ƴan kwamiti, da manyan da ke riƙe da kuɗin komin. Mata ku saurara, ku ne shaiduna.

In baƙi suka zo gari daga gwamnati ko daga wani furoje, akan tara mutane gindin icce a tambaye su: "Me kuke bukata don garinku ya ci gaba?" Amsar kowa ya san ta. Rijiya. Injin niƙa. Bankin hatsi. Rumfunan kasuwa. Hanyar mota. Taki. Duk abubuwan kirki ne, ban ƙi ko ɗaya ba. Amma akwai abu guda da ba a faɗi. Ba a neman wurin da za a riƙe yara ƴan shekara 3 zuwa 6, a ba su kunu, a yi wasa da su, a koya musu magana da ƙirga, uwayensu su tafi neman na kansu. In wata mace ta yi ƙarfin hali ta faɗa, sai a yi mata dariya. A ce: "Muna zancen arziki, ke kina zancen goyo."

To, ni na ce zancen goyo zancen arziki ne. Gidan renon yara ɗan'uwan injin niƙa ne, ɗan'uwan bankin hatsi ne. Garin da ya bar shi baya cikin lissafinsa yana asarar kuɗi kowace rana. Ga dalilaina. Wanda ke da amsa ya kawo.

WA KE BIYAN KUƊIN RENO YANZU?

Maza da yawa suna zaton reno kyauta ne, don ba a taɓa kawo musu takardar biya ba. Ana biya. Mutum uku ke biya.

Ta farko uwa ce. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta samo icce, ta kai fura gona. Bayan aikin gandu ta wuce gamanarta. In rani ya yi, ga matsar man gujiya, ga ƙuli-ƙuli, ga tuyar ƙosai ko awara, ga kiwon awaki, ga ban ruwa a fadama. Duk wannan da jariri a baya, da ɗan shekara 3 riƙe da bakin zane. Mai tuya ido ɗaya yana kan mai, ido ɗaya yana kan yaron da ke matsowa wajen wuta. Mai ban ruwa tana jan guga tana duban bakin rijiya. Aikin wuni guda sai ya ci kwana biyu. Wata ma ta bar sana'ar baki ɗaya. Abin da ba ta samu ba, ai gidanka ne bai samu ba.

Ta biyu yarinya ce, ƴar shekara 7 ko 8. Ita ake bar wa ƙanne. Yau ba ta je lekol ba don uwa ta tafi kasuwa. Gobe ba ta je ba don an tafi cirar wake. Jibi mushe ya ce ba ta gane komi. Shekara ta ƙare, an cire ta, an ce ba ta da kai. Kai tana da shi. Bayanta ne ba a sauke wa goyo ba.

Na uku shi ne yaron kansa. Yaro na riƙon yaro. Yana wuni cikin ƙasa, ba mai yi masa magana sai tsawa. Ya sha furar da ƙuda ya wuni a kai. Zawo ya kama shi, ya rame, a ɗauke shi zuwa gidan likita. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma kabu-kabu ba kyauta ba ne. Kwanakin da uwa za ta yi tana jinya, ciyawa tana cin gona, su ma ba kyauta ba ne.

Ko a ajin yaƙi da jahilci muna ganin wannan biyan. Mace ta fara rubuta harafi, yaro ya fizge alkalami. Ta fita rarrashi, ta dawo an wuce layi. Masu barin aji tsakiyar shekara, in ka bi sawu, sau da yawa reno ne ya kore su.

YAWAN YARANMU

Mu duba lissafin ƙasa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 a Nijar, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. A wannan shekara bincike ya nuna mata 10 sukan haifi yara 76 a rayuwarsu. Binciken 2021 ya samu 62. An ragu, amma har yanzu gida ba ya rabuwa da ɗan ƙarami.

A binciken 2012 ɗin nan, cikin yara 100 ƴan ƙasa da shekara 5, guda 44 sun tsumbure. Tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo. Jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa yawa, ga shi kuwa su ne rumbun hatsi da wake da gujiya.

Dokar ilimi ta 1998 ta sa karatun share fage cikin ilimin tushe. Amma a 2017, cikin yara 100 da suka isa shiga, waɗanda suka samu wuri ba su kai 10 ba. Galibinsu kuma ƴan birni ne. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ma'aikaci da ɗan kasuwa suna biyan kuɗi su kai ƴaƴansu jardan. Ku tambayi kanku: in abin banza ne, don me mai kuɗi ke biya? Shi ya san amfaninsa. Talakan ƙauye kaɗai ake gaya wa zancen mata ne.

ABIN DA AKA GWADA A WASU ƘASASHE

Kada a ce malami ya ƙaga. An gwada abin, an bi sawun yaran har suka girma, an ƙirga abin da suke samu.

A ƙasar Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, an zaɓi ƙauyuka 4 na manoma. A biyu ana ba yara kunu mai madara da garin gina jiki. A biyu ana ba su ruwan zaƙi. Bayan shekara kusan 30 aka koma neman yaran. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara 2 sun fi sauran samun ladan aiki da kashi 46 cikin 100. Wato inda wancan ya samu dala 100, wannan ya samu dala 146. Matan kuwa sun fi daɗewa a lekol. Kunu ne fa, irin wanda kowace mace ta garinmu ta iya damawa.

A birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure, ƴan wata 9 zuwa wata 24. Wasunsu, wata ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako, har shekara 2. Tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta gaya masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan da hannu aka yi su, da tarkacen gida. Bayan shekara 20, yaran da aka yi wa wannan sun fi sauran samun kuɗi da kashi 25 cikin 100.

A Amurka, a garin Ipsilanti, daga 1962 zuwa 1967, an bi yara 123 ƴaƴan talakawa baƙar fata, ƴan shekara 3 da 4. An sa 58 a ajin share fage, 65 ba a sa su ba. Da suka kai shekara 40, cikin waɗanda aka sa, kashi 76 cikin 100 suna da aikin yi. Cikin sauran, kashi 62. Wani masanin tattalin arziki, James Heckman, ya yi lissafi ya ce kowace dala 100 da aka kashe tana jawo ribar dala 7 zuwa 10 a kowace shekara. A 2003 wasu ma'aikata biyu na babban bankin ƙasar, reshen Miniyapolis, suka gaya wa hukumomi: kuɗin da kuke ba manyan kamfanoni don ku jawo su garinku, da wanda kuke gina filin ƙwallo, gara ku zuba shi kan ƙananan yara, ya fi riba. Mutanen banki ke nan, waɗanda aikinsu ƙirgar riba ne.

Wani zai ce Amurka ta yi nisa, kuma suna da kuɗi. Gaskiya ne. A can malama ɗaya yara 5 ko 6 take riƙewa, mu ba mu iya wannan. To ga na kusa. A lardin Gaza na ƙasar Mozambik, nan Afirka, a 2008, ƙungiyar Save the Children ta taimaki ƙauyuka 30 suka buɗe gidajen reno. Mutanen gari suka ba da fili da aikin gini, suka fid da masu reno daga cikinsu. Bayan shekara 2 aka auna. Yaran da suka zauna gidan reno sun fi sauran shiga lekol da kashi 24 cikin 100. Masu riƙonsu a gida sun fi samun damar yin aiki da kashi 26 cikin 100. Yayyensu ma sun ƙara zuwa lekol. Abin da aka kashe kan kowane yaro a wata bai kai jika guda da rabi na kuɗinmu ba.

Akwai darasi guda kuma daga Mozambik. Gidan reno bai mayar wa yaran da suka riga suka tsumbure tsayinsu ba. Wannan ɓarna tun daga ciki take farawa har yaro ya cika shekara 2, abin da ma'aikatan lafiya ke kira kwana 1000 na farko. Saboda haka aikin biyu ne. Kula da mai ciki da mai goyo a gida, da gidan reno in yaro ya kai shekara 3. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

RIBAR DA KE ZAMA CIKIN GARI

Riba ta farko tun watan farko ake ganin ta. Hannun uwa ya saku daga hantsi zuwa azahar. Ku tuna asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Mace takan ɗauki bashi a asusu ta ja jari. Amma jari ba ya juya kansa. Sai an soya, an matsa, an kai kasuwa. Mun ba mata jari, mun hana su lokaci. Gidan reno shi ke ba da lokacin.

Riba ta biyu, kuɗin ba ya fita gari. In komin ta ba ɗan kwangila ginin rumfunan kasuwa, siminti daga birni, ƙarfe daga birni, magini daga birni. Ran da aka gama, kuɗi ya hau mota ya koma inda ya fito. Kuɗin gidan reno fa? Mai reno ƴar gari ce. Hatsin kunu na manomin gari ne. Gujiya da wake da kuka da zogale na matan gari ne. Tabarma ta masaƙar gari ce. Mai reno ta karɓi ladanta ta sayi mai wajen maƙwabciya, maƙwabciya ta kai niƙa, mai inji ya biya tela. Jika guda ta ziyarci gida huɗu ba ta bar gari ba.

Riba ta uku a lekol take. A 2014 an gwada ƴan ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe da dama masu aiki da Faransanci. A Nijar, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. A gwajin 2019 sun kai wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma 7 cikin 10 sun yi shekara 6 ba su tashi da karatun kirki ba. Dalilai suna da yawa, ban ce reno kaɗai ba ne. Amma yaron da bai taɓa riƙe alli ba, bai taɓa zama a saurare shi yana ba da labari ba, ran da ya shiga aji mai cike da yara an riga an bar shi baya. Ya maimaita aji, uba ya sake sayen littafi, a ƙarshe a ce lekol ba ta da amfani.

Riba ta huɗu tana can gaba. Manomin da ya iya karanta sikeli ba a cutar sa wajen awon albasa. Wanda ya iya karanta takardar maganin ƙwari ba ya ƙone wakensa. Macen da ta iya rubutu ita ke riƙe littafin asusu. Waɗannan mutane su ne arzikin gari. Ana fara gina su tun suna tsirara suna wasan ƙasa.

AMSA GA MASU ƘI

Na farko ya ce: "Kakanninmu sun rene mu ba gidan reno, ga mu mun girma." Allah ya jiƙan kakanni. Amma a da gandu babba ne, tsofaffi suna zaune gida, ƴan'uwa suna kewaye. Yau gandu ya rarrabu, gona ta ƙanƙance. Maza sun tafi cin rani Najeriya, Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa. Tsohuwar da kake ƙirgawa ita ma tana bakin hanya tana saida gujiya. Kuma ka tambayi tsohuwar nawa ta haifa, nawa suka rayu. Mu da muka girma mu ne muka tsira. Waɗanda ba su tsira ba ba su nan balle su yi gardama.

Na biyu ya ce: "Riba ta yi nisa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Na riga na nuna ribar watan farko. Ta nesa kuma, mutanen ƙasar nan sun fi kowa sanin ta. Wajen 1984, a ƙauyukan Maraɗi, aka fara sassaben zamani. Aka ce wa manomi kada ya sare tohon kututture, ya zaɓi reshe mai ƙarfi ya rene shi. Mutane suka yi dariya, suka ce icce zai cinye gona. Bayan shekara 20 da ɗoriya masu bincike suka samu wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Yau gawo yana ba gona taki, yana ba bisashe abinci, mata suna samun icce kusa. Wanda ya iya jiran toho shekara 10 ba ya cewa ɗansa ya yi masa nisa.

Na uku ya ce: "In mun rene su, tafiya za su yi, wani gari ya ci amfaninsu." Wasu za su tafi, ko an rene su ko ba a rene su ba. Amma ɗan cin rani yakan dawo damina, kuma aike yake yi. Wane ne zai fi aikowa, mai ɗaukar kaya a ka ko mai sana'a da ya iya lissafi? Ƴan mata kuwa galibi kusa suke aure. Ta garinku ta tafi garin gaba, ta garin gaba ta zo naku. Don haka ma nake cewa aikin komin ne baki ɗaya, kowane gari ya yi nasa.

Na huɗu ya ce: "Za a raba yara da makarantar allo, a lalata su da boko." Gidan reno ba ya cin lokacin allo. Yaro ya yi karatunsa da asuba ko da marece, ya zo reno da hantsi. A sa liman cikin kwamiti, ya zo ya gani da idonsa. Harshen gidan reno kuwa harshen da yaro ya sha a nono ne: Hausa ga Bahaushe, Fulatanci ga Bafillace, Tamajak ga Buzu, Barbarci ga Babarbare, Zabarmanci ga Bazabarme. Koyarwa da harshen gida ba baƙon abu ba ne a nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram.

Na biyar ya ce: "Ba mu da kuɗi." Wannan ita ce babbar magana. Mu yi lissafi.

LISSAFIN GIDAN RENO

Misali ne nake bayarwa, kowane gari ya gyara daidai da ƙarfinsa.

A ce yara 40, masu reno 2. Rumfar kara ko zana, da darni kewaye, da randa mai marufi, da buta da sabulu, da salga ƙarama. Wannan aikin gayya ne na kwana biyu.

Kunu: tiya guda ta hatsi a rana. Kwana 6 a mako, tiya 24 ke nan a wata. Wata 10, tiya 240, wato buhu 6 mai cin tiya 40. In an raba, kowane yaro tiya 6 a shekara. Uba ya kawo ta da kaka, a ajiye bankin hatsi. Ko samari su noma gonar gayya guda da sunan gidan reno. Awo 3 na garin hatsi, awo 1 na garin wake ko gujiya soyayya, da ɗan mai, da garin kuka ko zogale.

Kuɗi: dala 20 a mako kan kowane yaro. Yara 40, dala 800, wato jika 4 a mako, jika 16 a wata. Masu reno su ɗauki jika 6 kowace, jika 4 a sayi sabulu da mai da sukari. Ladan ya yi kaɗan, na sani. Nan ne komin za ta cika, daga harajin kasuwar da matan nan suke biya duk mako. Maraya da ɗan wanda ba shi da hali, asusu ko kwamiti ya ɗauke musu.

Dala 20 a mako. Maigida, nawa ka sa wa wayarka a makon jiya? Nawa ya tafi ga shayi da goro da taba? Ban hana ka ba. Amma kada ka ƙara cewa babu. Kuma kada a ɗora wa uwa biyan ita kaɗai. Ɗan naka ne, sunanka yake amsawa.

NA ƘWARAI DA NA BANZA

Yanzu gardamata ta juya kan masu furoje da ƴan kwamiti. Ba kowace rumfa mai yara ba ce gidan reno.

In aka tara yara 80 hannun mace ɗaya mai bulala, garke aka yi. Gara a bar su gida. Mai reno ɗaya kada ta wuce yara 20 zuwa 25. A zaɓi mai haƙuri, wadda yara ke so, wadda ta iya karatu da rubutu. Matan da suka gama ajin yaƙi da jahilci suna nan. A nemi ma'aikatar ilimi ta horar da su, mai duba makarantu ya riƙa leƙowa. Kada a ba ƴar'uwar mai gari don ƴar'uwarsa ce.

In aka zaunar da ɗan shekara 3 yana maimaita baƙaƙen Faransanci kamar aku, ɓata lokaci aka yi. Aikinsa gatana, kacici-kacici, waƙa, rawa, ginin laka, ƙirga da tsakuwa da ƙwallon dabino, zane a ƙasa, wanke hannu kafin cin abinci, jiran layinsa, gaida manya.

In aka gina ɗakin siminti mai fenti, aka ɗauki hoto, furoje ya ƙare, mai reno ta yi wata 6 ba lada, ɗakin zai koma wurin ajiyar harawa. Gara rumfar kara da mai reno wadda ake biya. Duk mai kawo taimako a gaya masa ya sa kuɗinsa ga horo da lada da kunu kafin gini.

In aka bi hutun lekol aka rufe da damina, an rufe lokacin da aka fi bukata. Jardan ɗin birni yana bin kalandar ma'aikata. Namu ya bi kalandar gona: shuka, noman farko, maimai, girbi, cirar wake, noman rani. Da damina ne kuma ake raba wa yara maganin rigakafin masassarar cizon sauro wata wata, aikin da aka fara a Nijar a 2013. In yara suna wuri guda, ma'aikacin lafiya ya same su da sauƙi, ya auna damtsensu, ya gane mai tamowa tun da wuri.

Jariri mai shan nono kuwa kada a raba shi da uwa. Wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa ba a ba shi. Inda mata ke aiki tare, kamar fadamar noman rani, a kafa inuwa kusa, su riƙa karɓa-karɓa, uwa ta zo ta ba da nono ta koma. Mai reno kuma ta tara uwaye da ubanni sau ɗaya a wata, ta nuna musu dama kunu da wasa da yaro. Uba ma ya iya. Ɗaukar ɗanka ka nuna masa akuya da jaki da wata, ka gaya masa sunansu, ba ya rage maka girma.

ABIN YI

Ƴan aji, ku karanta wannan takarda da ƙarfi, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Sa'an nan ku yi abu huɗu.

Ku ƙirga yaran garinku ƴan shekara 3 zuwa 6, gida gida, ku rubuta. Ku rubuta kuma ƴan mata nawa suka bar lekol bana saboda reno.

Mata, ku kai maganar taron asusu. Ku fid da mata biyu da kuka yarda da su.

Ku je wajen mai gari da liman da shugaban lekol da kwamitin iyaye, ku nemi fili da ranar gayya. A tara hatsin da kaka, tun rumbu bai yi ƙasa ba.

Ku rubuta wa komin takarda da hannunku, da Hausa, ku ce a sa gidan reno cikin tsarin aikin shekara, layi ɗaya da rijiya da kasuwa. Ku ajiye kwafi. In baƙi suka sake zuwa gindin icce suna tambayar abin da gari ke bukata, namiji ya tashi ya faɗa da bakinsa, kada a bar wa mata su kaɗai.

Wanda bai yarda da ni ba, ya ɗauki alkalami ya aiko da tasa hujja, a buga kowa ya karanta. Garin da ya riga ya buɗe nasa gidan reno, ya rubuto ya gaya mana yara nawa, me ake biya, wace wahala aka sha, don na baya su koya.

Allah ya raya mana su, ya ba mu damina mai albarka. Amin.